Fallen Sifirin da Baba Haliru Ya Jefa Gefe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana, wanda duk Sabon Birni ke kira Maƙeri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa ka sauka Sakkwato lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Mahaifiyarka ce ta cusa ta a ƙasan jakarka, don haka in kana karanta ta, ka riga ka kwance kaya. Na zaɓi rubutu ne saboda ka san halinmu. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ba na iya kamawa, balle in zaunar da kai ina tona wa kaina asiri kana kallon idona.

Ranar da kawunka ya aiko cewa ya ware maka gefe guda a shagonsa, kai za ka riƙa kula da kayan ƙasan mota, su sifirin da shokozoba da bushin, na yi murna ƙwarai. Amma da la'asar ɗin ranar kana zaure da abokanka, ina alwala a bakin ƙofa, na ji ka ce: "Masu ƙera kayanga dut ɓarayi na. Ƙarhe ai ƙarhe na. Ni masu arha za ni cika shago da su, kowa shi samu." Abokanka suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin maganata ce ka maimaita, kusan kalma da kalma, kuma na faɗe ta tun ba a haife ka ba. Abin da ta jawo shi ne nake so ka sani kafin ka sayi kayanka na farko.

A shekarun fari, lokacin da gulbi ya koma rairayi zalla, ina da tsohuwar a-kori-kura, wannan dai da ke bayan gida kaji na ƙwai a cikinta. Da ita nake jigilar hatsi daga bakin iyaka zuwa Isa da Turba da Tozai da Kurawa. Hanyoyin lokacin gargada ce da kwazazzabai, kuma mota a irin wannan hanya sifirin ɗin baya ne ke riƙe da ita, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa bisa juna, babba a sama. In ƙaramin falle ya karye, ka iya lallaɓawa ka kai gida. In babban ne, ƙafar baya gocewa take yi, motar ta zauna inda take. Sabon falle na kamfani kuwa sai Gusau ko Kano, can ɗin ma ba kullum ake samu ba. Saboda haka duk direban yankinmu da Baba Haliru ya dogara.

Baba Haliru maƙeri ne, gajere kakkaura, mai ƙarancin magana. Kunnensa na hagu ya mutu saboda shekarun dukan masaba, amma na dama ban taɓa ganin irinsa ba. Zai rataye falle da igiya, ya ɗan buga shi da awartaki, ya karkata kai ya saurara, ya gaya maka abin da ke cikinsa kamar ya shiga ya fito. Wanda ya yi masa daidai ya jingina shi a bango. Wanda bai yi ba ya jefa shi gefe, a wani tsibi kusa da randar ruwa, kuma daga tsibin nan yake ƙera sungumi da lauje da fartanya.

Kuskurena na farko na baki ne. Babban fallen motata ya fara tsagewa, na je wurinsa, ya ɗauko guda daga jikin bango ya faɗi kuɗinsa. Na ɗaga shi na jinjina a hannu, na dubi sungumin da ke gefe wanda da ƙarfe iri ɗaya aka yi shi, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Nan take na yanke hukunci. Da na isa tasha sai na tara direbobi na ce Baba Haliru yana sayar mana da sungumi a kuɗin sifirin, ƙarfe ai ƙarfe ne. Na iya ba'a a lokacin, har kwaikwayon yadda yake karkata kai na yi, aka yi ta dariya. Magana ta koma masa, kamar yadda ta saba komawa. Bayan kwana biyu na zo wucewa ta ƙofar maƙera ya kira ni.

"Ummaru," ya ce, "in ka samu sarari ka taho ka zamna nan wuni guda, ka ga inda kuɗɗinka ka zuwa."

Na ce to, ban je ba. Ina ganin na fi ƙarfin zama ina kallon tsoho yana hura wuta.

Don haka ga shawarata ta farko. Kada ka kira mutum ɓarawo a kan kuɗin abin da ba ka ga yadda aka yi shi ba. Nauyin ƙarfe a hannu ba ya gaya maka komai sai nauyinsa. In wanda ya yi abin ya ce ka zo ka gani, ka je, ko da za ka rufe shago wuni guda.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, kuma shi ne wanda ban taɓa gaya maka ba.

Akwai wani malami a Tozai, Malam Isiyaku, mai makarantar allo a unguwarsu. Yunwa ta sa mutanen unguwar sun cinye irin shukarsu tun da rani. Malam ya tara su, kowa ya kawo abin da ya rage masa, aka sayo irin gero mai saurin nuna daga tsallaken iyaka. Amma bai yarda a kai shi Tozai ba. Ya san in buhunan suka kwana a gari ana jin kukan yara, babu wanda zai iya hana a daka su, har shi kansa. Sai ya ajiye su a Sabon Birni, a ɗakin wani amininsa, ya zo ya same ni.

"Ummaru, amana za ni ba ka," in ji shi. "Randa kag ga an yi ruwan shuka, kak ka jira saƙo. Ka ɗauko ka taho. Laima ba ta wuce kwana biyu ga ƙasarmu."

Na yi masa alkawari, kuma na san da tsagaggen falle ba za ni iya cika shi ba. Sai na koma maƙera, amma idona ba a kan bango yake ba, a kan tsibin gefe yake. Akwai wani falle a ciki, an lanƙwasa shi, an huda shi, an gama komai, a ido ba shi da maraba da na bangon.

Baba Haliru yana da wata ƙa'ida da kowa ya sani: fallen gefe ba ya fita daga maƙerarsa sai ya sa shi a wuta ya sare shi biyu. To ranar babu wuta. Da gawayin ƙirya kaɗai yake aiki, ita kuma ƙirya ta yi wuya a shekarun nan, masu kawo gawayin sai sun yi tafiyar kwanaki, kuma nasa ya ƙare. Na ga dama ta samu.

"Baba, ka saishe ni wancan na gehe. Sungumi za ni yi da shi."

"Bari gawayi shi zo in sare maka shi."

"Ruwa na bisa hanya, Baba. Akwai maƙeri Kurawa, shi za shi sare min."

Ya dube ni. "Wanga ba ya ɗaukar kaya, Ummaru. Na buga shi, muryatai ta mutu. Sungumi kac ce?"

"Sungumi nic ce."

Ya ba ni shi a kuɗin ƙarfen sungumi. Na kai shi bayan gida na ɗaura wa motata da hannuna, na shafe shi da baƙin mai don kada wani ya gane. Ya yi kusan mako uku yana ɗaukar kaya lafiya lau, ni kuwa ina tafe ina jin babu mai wayona a ƙasar Gobir.

Ruwa ya sauka wata rana da la'asar, ruwa na gaske, irin wanda muka yi shekaru muna roƙo. Gari na wayewa na loda irin na kama hanya. Ban kai rabin hanyar Isa ba, a gangaren wani kwazazzabo, na ji ƙara a ƙarƙashina kamar an fasa tulu. Ƙafar baya ta goce ta manne da jikin mota, farfela, wato sandar da ke juya ƙafafun baya, ta zame, mota ta durƙusa. Na fito na leƙa, na ga fallen ya rabu biyu daidai kusa da huda.

Hanya babu kowa. Mai ya yi wuya, motoci kaɗan ne ke fita, jakuna kuma fari ya cinye wasu, an sayar da sauran. Ba ni da halin barin buhunan iri a daji a shekarar yunwa in tafi neman taimako. Sai bayan azahar wani mutum ya zo wucewa a kan raƙumi zai shiga Sabon Birni, na roƙe shi ya gaya wa direbobin tasha. Ban ce ya je maƙera ba, kunya ba ta bar ni ba.

Washegari da rana tsaka na hango mutum yana turo keke cikin caɓi, an ɗaure wani dogon abu a jikinsa. Baba Haliru ne. A shekarunsa ya turo keken nan tun daga gari, kuma abin da ya ɗauro shi ne fallen nan na jikin bango da na ƙi saya. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya nemi ruwa ya sha, ya tsuguna ya ɗauki karyayyen, ya goge bakin karayar da babban yatsa, ya miƙo mini.

"Duba nan. Ka ga inda yay yi hwari? Jiya yak karye. Ka ga baƙin ga na ciki? Wanga tun shina jikin babbar mota yaf fara. Shi naj ji."

Na duba. Rabin bakin ƙarfen fari ne tas, rabin kuma baƙi ne, tsohuwar tsaga da ta daɗe tana ci daga ciki, babu idon da zai gan ta daga waje. Muka ɗaura sabon tare, amma farfela ta ba mu wahala, ba mu gama ba sai hantsin rana ta uku.

Da na shiga Tozai na tarar da mutane zaune a gindin wata tsamiya a bakin gari, kowa da sunguminsa. Kwana biyu ke nan suna fitowa suna zama a wurin. Na sa yatsa a ƙasa, sai da ya shige duka kafin in ji sanyi. Sun shuka duk da haka, don babu yadda za su yi, ruwa kuma bai sake zuwa ba sai bayan an fid da rai. Abin da ya tsiro kaɗan ne, shi ma ya ƙone. Mutanen Turba da suka shuka a kan ruwan farko sun samu abin kaiwa rumbu, ko da ba yawa. Daga unguwar Malam Isiyaku kuwa gidaje da dama suka tafi cin rani a shekarar, wasu har yau ba su dawo ba. Shi Malam abin da ya ce mini kawai shi ne, "Sannu da hanya, Ummaru. Mun san ba da gangan ba na." Na sunkuyar da kai na karɓi wannan magana, alhali na san yadda aka yi.

Ɗana, ka riƙe wannan. Kayan da za ka sayar a ƙarƙashin mota suke zama, inda babu mai gani. Wanda ya saya ba shi kaɗai zai hau motar ba, kuma ba ka san abin da zai ɗauka ba. Ni na ɗauka ragi na samu a kan ƙarfe ɗaya, ashe damina guda ta mutanen da ba su ji ba ba su gani ba na sa a ciki. Har yau in na bi ta Tozai ba na iya kallon tsamiyar nan.

Na biya Baba Haliru abin da ya faɗa tun farko, bai ƙara ba, bai rage ba. Sannan na je na yi zaman da ya kira ni tun da daɗewa, kuma ba wuni ɗaya na yi ba, uku na yi. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba.

Tsofaffin fallayen manyan motoci yake sayowa daga Gusau, a biya kuɗin mota a kawo su. Kafin a kunna wuta zai buga kowanne ya saurara, kuma tun a nan wasu ke tafiya gefe, alhali ya riga ya saye su. Wanda ya tsira a yanka shi daidai tsawo, a lanƙwasa, a huda shi da zafinsa. Daga nan sai babban aiki. Yana da wani dogon rami da yake cikawa da gawayi, domin dole fallen ya yi ja gaba ɗaya a lokaci ɗaya, kada wani gefe ya riga wani. Gawayin da rami ɗaya ke ci zai ƙera fartanya ta unguwa guda. In ya yi ja yadda yake so, sai a tsoma shi cikin rabin ganga na baƙin mai, shi ma man sayensa yake yi. A nan ƙarfen ya yi tauri, amma taurin tangaran ne, in ka ɗora masa kaya fashewa zai yi. Sai an mayar da shi kan wuta marar ƙarfi, ana juyawa a hankali, shi kuma ya kafa masa ido har launinsa ya koma kamar wuyan tantabara. In ya ɗan wuce haka ya yi laushi, in bai kai ba ya yi gautsi. Bayan ya huce a ɗora shi kan duwatsu biyu, a jibga masa buhunan rairayi, a sauke, a auna da zare a ga ko ya koma yadda yake. Sannan a sake rataye shi a buga.

A kwana ukun nan na ga fallayen da suka ci gawayi, suka sha mai, suka ci ƙarfin mutum, a ƙarshe ya karkata kai ya jefa su gefe ko a jikinsa. Na tambaye shi ko ba ya jin zafin asarar.

"Ina ji mana," ya ce. "Amma wanda yas sayi na bango, shi ka biyan na gehe. In na bar jehwawa, sai in rage kuɗɗi, ku ji daɗi. Sannan in zamna in jira wanda za a kawo min labarinai."

A ranar na gane cewa kuɗin falle ba na ƙarfen da ke hannunka ba ne kaɗai. Akwai gawayi a ciki, akwai mai, akwai kuɗin mota daga Gusau, akwai 'yan'uwansa da aka zubar, akwai kuma shekarun da kunnen nan ya yi yana koyo.

Za ka ce wannan zancen maƙera ne, kai kayan kamfani za ka sayar. Ni ma haka na zata. Bayan shekaru, da na koma tuƙin babbar mota, an taɓa aika ni ɗaukar kaya a wata masana'anta a Kano inda ake yin sifirin da bushin na motoci iri-iri. Lodi ya yi jinkiri, wani dattijon injiniya ya ga ina leƙe-leƙe ya ce in biyo shi. Wallahi maƙerar Baba Haliru na gani, an dai yi mata rufin kwano an ƙara mata girma. Ƙarfen da suke aiki da shi na musamman ne, daga waje ake kawo shi, duk ranar da kuɗin waje ya tashi shi ma ya tashi, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan. A maimakon ramin gawayi suna da tanda mai aiki da lantarki, in an ɗauke wuta janareto ya kama shan gas, in kuwa ya yi gardama ana tsakiyar gashi, duk abin da ke cikin tandar ya lalace. A maimakon buhunan rairayi suna da wani inji da ke danna sifirin yana saki tun safe har yamma don a ga lokacin da zai gaji. A bayan ginin kuma ga tsibinsu na gefe, ya fi ɗakinmu tsawo.

Ya nuna mini wani abu da ban taɓa tunaninsa ba. Su ba su ne suka ƙera motocin ba, don haka kowace irin mota sai sun sayi kayanta na asali sun auna, sun sa an yi musu mazubi na musamman, kuma mazubin nan tsada gare shi. In motar tana da yawa a hanya, kuɗin mazubin zai rabu a kan mutane masu yawa, ba wanda zai ji shi. In tsohuwa ce irin tawa, masu nema kaɗan ne, su kaɗan ɗin nan za su ɗauke shi. Shi ya sa za ka ga bushin ɗin tsohuwar mota ya fi na sabuwa tsada, mai saye ya yi ta rantsuwa cewa cutarsa ake yi.

Na tambaye shi yadda wasu ke kawo nasu da arha haka. Ya yi murmushi ya ce babu wani sihiri a ciki. Wani ya sa ƙarfen gini a maimakon na sifirin, wani ya tsallake wuta ta biyu, wani ba ya gwaji, wani kuma ba shi da tsibin gefe sam, duk abin da ya fito daga tanda kwali yake shiga. Saboda haka in dillali ya kawo maka kaya da arhar da ta ba ka mamaki, kada ka tambaye shi ko zai ƙara ragi. Ka tambaye shi abin da aka tsallake, in bai sani ba ka nemi wanda ya sani.

Kada kuma ka ɗauka daga nan na zama mai hankali. Ubanka sai da ya sake faɗawa, wannan karon ta ɗaya gefen. Tun da na ga illar arha sai na koma duk abin da ya fi tsada shi nake saya. Na taɓa sayen shokozoba guda biyu a cikin kwali mai ƙyalli, mai shagon ya tsuga kuɗi, na biya ina jin daɗi. Ba su yi wata guda ba suka fara zubar da mai, mota na rawa kamar kwale-kwale. Na kai wa Baba Haliru, duk da ba ya yin su. Ya ja sandar ta fito, ya bi ta da farce, ya nuna mini zane-zanen da ke jikinta. Tsofaffi ne aka ɗura wa mai aka fesa musu fenti. Sandar shokozoba ta gaskiya sumul take kamar madubi, kuma gogewar nan da robar da ke riƙe man su ne ke cin kuɗi wurin ƙerawa, su ne kuma ɗan damfara ba ya iya kwaikwaya. Ya dube ni ya ce, "Da can ka auna da nauyi, yanzu ka auna da kwali. Yaushe za ka hwara duba abin da kainai?"

To kai ma ka duba abin da kansa. Aiki mai kyau yana jawo tsada, amma tsada ba ta zama shaidar aiki mai kyau. Ka buɗe kwali, ka ja sanda, ka matsa roba da yatsa, ka san hannun da kayanka suka fito. Ban kuma ce kada ka ajiye mai sauƙin kuɗi ba. Talaka zai zo maka da motar da yake ci da iyalinsa da ita, ba shi da halin mai kyau. Akwai bushin da ake yankawa daga tsohuwar taya, ni ma na sha amfani da shi, yana kai mutum wani lokaci. Ka sayar masa, amma ka gaya masa ko mene ne, da irin kayan da zai iya ɗauka, da lokacin da ya kamata ya dawo. Abin da na hana ka shi ne ka miƙa wa mutum na gefe ka bar shi yana zaton na bango ne.

Saura kuskure ɗaya, kuma shi ba ya gyaruwa. Na koma tasha na janye maganata a gaban direbobi, na gaya musu abin da na gani a maƙera. Amma ban taɓa tsayawa gaban Baba Haliru na ce ya yafe mini ƙaryar da na yi masa ba. Kullum sai in ce gobe. Shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma gaya wa kowa inda na samo fallen da ya karye ba, har Malam Isiyaku ya rasu bai sani ba. Abu ɗaya kawai ya canza: daga ranar, ko babu gawayi, da magagari yake zama ya yanke fallen gefe kafin ya fita, ko da zai wuni yana yi. Duk sanda na gan shi yana wannan wahala na san ni na jawo masa. In ka ɓata wa mutum, ka faɗa da bakinka tun yana da kunnen ji.

Da aka haife ka, liman ya tambaye ni suna, na ce Haliru. Ka daɗe da sanin sunan wani tsohon maƙeri ka ci, shi ya sa ake tsokanarka da Maƙeri alhali ko wuƙa ba ka iya wasawa ba. Dalilin ne ba ka sani ba. Abin da bakina ya kasa faɗa ne na faɗa da sunanka.

Baba Haliru ya zo wurin sunan da sandarsa, lokacin ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Bayan an shafa fatiha ya ce a fito masa da takwaransa. Aka kawo ka zaure cikin zane, ya karɓe ka da hannayen nan nasa masu kanta, kai kuwa ka callara kuka. Sai na ga ya karkata kai, ya kawo kunnen dama kusa da ƙirjinka, ya yi shiru yana saurare, daidai yadda yake yi wa falle, daidai yadda na taɓa kwaikwaya a tasha ana dariya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni kaɗai, ya ce:

"Muryatai lahiya lau, Ummaru. Wanga ba na gehe ba na."

Damina biyu bayan haka ya rasu, Allah Ya jiƙansa Ya sa aljanna ce makomarsa.

A ƙasan jakarka, kusa da inda ka sami takardar nan, akwai wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumma. Guntun fallen da ya karye ne, na yanko wajen bakin karayar na ajiye shi duk shekarun nan. Ka rataye shi a shago inda hannunka zai kai. Ranar da wani ya jinjina kayanka ya ce kai ɓarawo ne, ƙarfe ai ƙarfe ne, kada ka yi fushi da shi, ubanka ne ya dawo a wata riga. Ka sauko da guntun ka nuna masa farin, ka nuna masa baƙin. Wancan da Baba Haliru ya turo a keke kuwa yana nan a jikin motar bayan gida. Inji ya mutu, tayoyi sun ruɓe, amma shekaranjiya na kori kaji na buga shi da sifana, har yanzu yana amsawa.

Ban taɓa ganin kunnen Baba Haliru ya yi kuskure a kan ƙarfe ba. A kan mutum sau ɗaya na san ya yi, ranar da ya yarda da ni. Ina roƙonka kada ka bari ya zama sau biyu.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Ka gaishe da kawunka da iyalinsa, ka bi shi sau da ƙafa, ka kiyaye salla. Bana ma ruwa ya yi jinkiri, ka sa mu a addu'a. Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya sa albarka a hannunka, Ya sa duk motar da ta ɗauki kayanka ta kai mutanenta gida lafiya, kai ma Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ummaru Direba,
Sabon Birni.